Gyaran gindin jirgi da allon tuƙi da zaren gilashi

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Yuni, ruwan kogin Kwara yakan ja da baya ƙwarai. Duwatsun da ke ɓoye sai su fito fili. Tudun rairayi ya tsaya tsakiyar hanya. A watan Yuni na 1985 ma, ruwan ya daina gudu a Yamai. Cikin waɗannan watanni ne jirage sunka fi jin rauni. Matuƙi yana cikin tafiya, sai ya ji ƙara ƙarƙashin ƙafarsa. Gindin jirgi ya daki dutse. Wani jirgin kuma bai taɓa dukan dutse ba. Jan da ake yi masa bisa tsakuwa safe da yamma shi ne ya cinye gindinsa sannu sannu.

Jirgi shi ne gonar masunci, shi ne jakin mai fito. Daga Ayaru zuwa Gaya, haka a tabkin Madarunfa da na Tabalak da na Gidimuni, akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai jirgi ya shiga ruwa. Sabon jirgi kuwa yana da tsada. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, kuma madaci yana cikin waɗanda doka ta hana a sara ba da izini ba.

Abin bai tsaya ga dukiya ba. A watan Mayu na 2021, wani tsohon jirgi mai ɗauke da mutane fiye da ƙima ya tsage cikin kogi kusa da Wara, a jihar Kebbi ta Najeriya. Mutum fiye da 100 sunka ɓace cikin ruwa a ranar. Kafin wannan, a watan Satumba na 2017, jirgin ƴan kasuwar Gaya ya kife kan hanyar kasuwar Lolo, mutum fiye da 30 sunka rasu. Babu gyaran da ke maganin yawan kaya. Amma jirgi mai rauni a gindi ya fi saurin ba da kai.

Mine ne zaren gilashi?

Gilashi ne na gaske, irin na kwalba. Ana narka shi a masana'anta, a ja shi ya zama zare wanda bai kai gashin kai kauri ba. A Amurka anka fara ƙera jirage da shi, cikin shekarun 1940. A Najeriya ana ce masa faiba.

Zaren shi kaɗai ba ya tsare ruwa. Sai an jiƙa shi da wani ruwa mai kauri kamar zuma, wanda ake kira rezin. Kowane magini ya san laka ita kaɗai tsagewa take yi, ramno shi kaɗai kuma iska ke ɗauke shi. In an cuɗa su tare, sai a samu bango. Haka zare da rezin suke. Zare shi ne ramno, rezin shi ne laka.

Zaren iri biyu ne a kasuwa. Akwai yankakke, wanda anka danne ya zama kamar tabarma. Akwai saƙaƙƙe kamar zane. Rezin ma iri biyu ne. Na farko sunansa poliyesta. Ya fi araha, kuma da shi ake ƙera galibin jiragen zaren gilashi. Na biyu sunansa epoksi. Ya fi tsada, amma ya fi kama jiki, musamman jikin katako. Kowanensu yana zuwa da maganinsa na daskarewa. In ba a zuba maganin ba, rezin ba ya ƙanƙara, kamar madarar da ba a sa wa tsami ba.

A fara da sauraro

Jirgin zaren gilashi yana da wani tudu da ya miƙe ƙarƙashinsa daga goshi har baya. Shi ne ƙashin bayan jirgi. Shi ke fara taɓa ƙasa, shi ke shan duka. Kwalekwalen katako mai shimfiɗaɗɗen gindi ba shi da irin wanga tudu, allon gindinsa ne ke ɗaukar wahalar.

A fito da jirgi bisa tudu, a kife shi bisa guntayen itace. A wanke gindin da ruwa da sabulu. Sannan a ɗauki kwabon ƙarfe ko ƙaramar guduma, a bi gindin ana ƙwanƙwasawa, yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wurin da ya rabu daga ciki yana amsawa da murya ƙasa ƙasa. A zagaye wurin da alli ko gawayi.

Sau da yawa mai jirgi yakan yi mamaki a nan. Tsagar da ido ke gani ba ta wuce tsawon yatsa ba, amma zanen gawayi ya kai faɗin faifai. Zanen gawayi shi ne gaskiyar raunin.

Bushewa ita ce rabin aiki

Rezin ba ya kama wuri mai laima. Ba ya kama wuri mai maiƙo, ko fenti, ko kwalta. A nan ne gyara da yawa ke lalacewa. Mai jirgi yana sauri ya koma ruwa. Ya fito da jirgi da safe, ya shafa rezin da azahar, ya tura shi kogi washegari. Facin yana ƙyalli, kowa ya ce ya yi kyau. Bayan ƴan makonni sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. In ya ɓare ma da sauƙi, don an ga matsalar. Wanda ya fi muni shi ne facin da ya kama daga gefe, ya rufe ruwa a ciki. Daga waje jirgi lafiya lau, daga ciki yana ruɓa. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka a fara kankare duk abin da ya mutu. A sa kurfi da zarto da takardar guga mai kaushi, ko injin guga in akwai shi. A ci gaba da cirewa har a iske jiki mai tauri, wanda ba fari fari ba, ba ya ɓurɓushi. Sannan a bar wurin a buɗe ya sha iska. Jirgin zaren gilashi yana iya neman kwana kaɗan. Katakon da ya daɗe cikin ruwa yana iya neman makonni.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko ya bushe. A rufe wurin da farar leda mai nuna abin da ke ciki, a liƙe gefenta duka, a bar ta yini guda cikin rana. In an ga raɓa ta taru jikin ledar daga ciki, da sauran ruwa. A cire leda, a ƙara haƙuri.

Bayan bushewa sai a fiƙe bakin raunin. Kada a bar shi a tsaye kamar bakin rijiya. A goge shi ya yi gangare a hankali kamar cikin faranti. Ƙa'idar masu wanga aiki ita ce, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgi sau 12. Ga lissafin: in kaurin jikin milimetir 5 ne, 5 sau 12 ya ba da 60. Ke nan a goge santimetir 6 ta kowane gefe. Dalili a bayyane yake. Sabon rezin ba ya narkewa cikin tsoho, mannewa kawai yake yi. Gwargwadon faɗin wurin da ya samu, gwargwadon riƙonsa.

A share ƙura. A goge wurin da tsumma mai tsabta da anka jiƙa da aseton. Kada a sa isansi ko kananzir ko gazuwal, dukansu suna barin maiƙo. Daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin, don zufa ma maiƙo ce.

Awon magani

Lokacin da ruwa ya ja baya, jirage sunka samu hutu, shi ne kuma lokacin da zafi ya fi tsanani. Rezin ya fi son aiki wajen digiri 20 zuwa 25. A ƙasar Nijar kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Zafi yana sa rezin daskarewa da gaggawa. Abin da zai ba mutum minti 20 cikin sanyi yana iya ƙanƙarewa kafin minti 10. Don haka aikin na sassafe ne, bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye. A yi rumfa bisa jirgin. A ajiye gwangwanin rezin cikin inuwa tun daren jiya. Lokacin hunturu ya fi sauƙin zafi, kuma iskarsa tana busar da katako da kyau, sai dai a kare aikin daga ƙura da zana ko tabarma.

Ga poliyesta, maganin daskarewa kashi 1 ne zuwa 2 cikin 100. Kilo 1 na rezin yana ɗaukar mililitir 10 zuwa 20. Cikin zafi, 10 ya isa. Rabin kilo, mililitir 5. Rubu'in kilo, mililitir 2 da rabi. Ba a auna wanga abu da ido. A samu sirinjin allura sabo, a cire allurar, a auna da lambobin da ke jikinsa, a keɓe shi don wanga aiki kaɗai. In maganin ya yi kaɗan, facin zai zauna da danƙo. In ya yi yawa, zai yi zafi, ya tsattsage, ya yi gautsi.

Epoksi dabam yake. Awonsa yana rubuce jikin gwangwani: wani kashi 2 da 1 ne, wani 5 da 1. Ba a ƙarawa, ba a ragewa. Ƙara masa magani ba ya sa shi saurin daskarewa, ɓata shi yake yi. Rubutun galibi da Faransanci ne ko Ingilishi, amma lambobi ɗaya ne a kowane harshe. Wanda ya iya karanta lamba ya tsira daga hasarar gwangwani guda.

Kada a dama da yawa lokaci guda. Rubu'in kilo ya isa. Rezin da ya taru cikin kwano mai zurfi yana haifar da zafinsa da kansa, har ya yi hayaƙi. A dama cikin gindin bido da anka yanke, mai faɗi, a juya da tsinke mai tsabta minti 1 ko 2. Kafin babban aiki, a gwada cokali guda bisa guntun katako. Poliyesta ba ya son ajiya. Bayan wata 6 zuwa shekara yakan fara lalacewa, cikin zafi ma kafin haka. Gwajin cokali zai nuna ko ɗan kasuwa ya sayar da tsohon kaya. Saboda wannan ne ya fi kyau masu jirage uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su sayi gwangwani guda, su gyara jiragensu cikin mako ɗaya.

Shimfiɗa zare

A yanka zaren duka kafin a buɗe kwalbar magani. Ƙyalle na farko ya rufe gangaren baki ɗaya. Na biyu ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, na uku ya fi na biyu, har a cika faranti. Tabarmar zare mai nauyin garam 450 a metir murabba'i tana ba da kauri wajen milimetir 1. Jiki mai milimetir 5 yana son shimfiɗa 5 ke nan. Metir murabba'i guda na irin wagga tabarma yana shan rezin kusan kilo 1. Da wanga lissafi mai jirgi zai san abin da zai saya tun kafin ya tafi birni.

In rami ya huda jirgin har ciki, a tokare shi daga ciki da kwali ko guntun langalanga da anka naɗe da leda. Rezin ba ya kama leda, in an gama sai a cire. In tudun ƙashin baya ya cinye, a yayyanka zare ƙanana da almakashi, a cuɗa da rezin ya yi kauri kamar tuwo, a cike gurbin, a maido masa da siffarsa. Kada a sa mastik na masu gyaran jikin mota. Yana da kyau ga mota, amma yana shan ruwa. A kuma goge duk wata kusurwa mai kaifi ta yi zagaye, don zare ba ya son lanƙwasa bisa kaifi, tashi yake yi ya bar iska.

Sai a shafa rezin bisa wurin da buroshin fenti. A ɗora ƙyalle na farko. A riƙa dannawa da bakin buroshi, tsaye, kamar mai daka a hankali. Kada a ja buroshin kamar mai fenti, zaren zai watse. Zare busasshe fari ne. In ya sha rezin, sai farin ya ɓace, a riƙa hangen abin da ke ƙarƙashinsa. Duk inda fari ya rage, iska ce ko ƙishirwa, a ƙara dannawa. Amma kada a yi ambaliya. Ƙarfin yana ga zare, rezin da ya yi yawa nauyi ne kawai da gautsi.

Shimfiɗa 3 a jere sun isa. A dakata zafin ya sauka, sannan a ƙara sauran. Bisa ƙashin baya, zaren ya haura tudun ya sauka ta gefe biyu, aƙalla faɗin tafin hannu. In an gama, a rufe da leda a lallatsa ta. Iska tana barin saman poliyesta da danƙo, leda tana hana wannan.

Allon tuƙi

Ƙananan jirage da filafili ake juya su, masu inji a baya kuma injin ne ke juya su. Ƙaramin fiffiken da ke ƙarƙashin farfelar irin wanga inji na alminiyom ne. In ya karye, aikin mai walda ne. Manyan jirage masu inji a ciki su ke da allon tuƙi ƙarƙashin ruwa. Cikin allon akwai sandar ƙarfe mai yatsu, an kewaye ta da katako ko soso mai tauri, an rufe da zaren gilashi.

Kafin a sayi komi, a yi gwaji guda. Mutum ɗaya ya riƙe sandar tuƙi gam. Na biyu ya tura allon dama da hagu. In allon ya motsa alhali sanda tana tsaye, yatsun ƙarfen ciki sun karye. Ko an naɗe shi da zare shimfiɗa 10, ba zai juya jirgi ba ranar da ake bukata. Dole a buɗe shi, a kai ƙarfen wurin mai walda. Haka in sandar ta lanƙwashe.

In ƙarfen lafiya yake, a cire allon daga jirgi. A huda ƙananan ramuka biyu ko uku a ƙasansa, a jingine shi tsaye. Ruwan da zai tsiyayo yana nuna abin da ke ciki. In ja ne, tsatsa ta kama ƙarfe, a buɗe a duba. A cire katako ko soson da ya ruɓe, a sa sabo busasshe. Allon yakan tsage ta bakinsa na gaba, inda ɓangarorinsa biyu sunka haɗu. A fiƙe gefe biyun, a naɗa zare ya zagayo bakin. A kula kada allon ya yi kauri ta gefe ɗaya, in ba haka ba jirgi zai riƙa ja gefe guda. A kuma toshe wurin da sandar ƙarfe ta shiga allon, don ta nan ruwa ya fi shiga.

Maganar jirgin katako

Nan sai an yi hattara. Katako yana kumbura cikin ruwa, yana tsukewa a tudu. Zaren gilashi ba ya bin sa. Poliyesta bisa katako yakan riƙe na ɗan lokaci, sannan ya saki. Epoksi ya fi riƙo, kuma da saƙaƙƙen zare ake aikinsa, don galibin tabarmar yankakken zare da poliyesta anka yi ta ta jiƙu. Ko da epoksi, sai katakon ya bushe sarai, kuma an kankare kwalta har an ga farin itace.

Allon da ya ruɓe ba ya gyaruwa da rufi. A soka masa bakin wuƙa. In ta shige da sauƙi, a kira kafintan jirgi ya sa sabon allo. Tsohon kwalekwalen da ya sha kwalta shekara da shekaru, tsumma da kwalta da ƙusa sun fi masa amfani, kuma sun fi araha. Kowace ƙwarya da irin ɗinkin da gyartai ke yi mata.

Tsaron lafiya

Maganin daskarewa na poliyesta mugun abu ne ga ido. Ɗigo guda yana iya makantar da mutum. A sa tabarau. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. In ya fantsama, a wanke idon minti 15 ba tsayawa, a garzaya gidan likita. Kwalbar tana kama da ta ruwa, don haka a ɓoye ta inda yara ba su kaiwa. Wasu ƴan kasuwa suna sayar da wani ruwa shuɗi mai ja ja, na ƙara sauri. Kada a taɓa haɗa shi kai tsaye da maganin daskarewa, wuta suke kamawa. Shi cikin rezin ake fara dama shi.

Rezin da aseton suna kama wuta. Ba taba, ba murhu, ba wutar shayi kusa da wurin. Warinsu yana sa ciwon kai da jiri, a yi aikin a sarari. Lokacin guga a rufe hanci da baki, a sa riga mai dogon hannu da safar hannu ta roba. Ƙurar tana ƙaiƙayi kamar ta gero. A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu, kada a sosa. Kwanon da anka dama rezin ciki ba ya komawa madafa. Sauran rezin a bar shi ya daskare can nesa da zana, kada a zuba shi cikin kogi.

Komawa ruwa

Bayan yini guda da kwana, a cire leda, a danna facin da farce. In farce ya bar alama, bai nuna ba. In ya yi tauri, a goge shi ya yi daidai da jiki, a sake ƙwanƙwasawa da kwabo. Sannan a shafa fenti, don rana tana cin rezin, musamman epoksi. Poliyesta yana son kwana 2 ko 3 kafin ruwa. Epoksi ya fi son mako guda.

Wanda ke da hali ya ƙara shimfiɗa biyu na zare a tsawon ƙashin baya, inda ke gogar ƙasa. Su za su cinye a maimakon jirgin, kuma sabunta su ba wuya. A mashaya kuma a jera guntayen itace ko tsofaffin tayoyi, a riƙa jan jirgi bisa su.

Ranar farko ba ranar ɗaukar mutane ba ce. A tura jirgin wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, a ɗaure shi ya kwana babu kaya. Da safe a shafa wurin facin daga ciki da busasshen tsumma. In tsumma ya fito a bushe, a loda buhunan rairayi daidai nauyin da jirgin ya saba ɗauka, a zagaya da shi kusa da gaɓa, a juya dama da hagu da ƙarfi. A sauke rairayin, a sake shafa tsumma.